An shafa wa gidanmu jan fenti a Agege, Legas, mene ne haƙƙinmu?

Baban Nana, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka a cikinmu. Makon jiya wasu ma'aikata suka shigo layinmu da na'urar awo, suka bi gidaje suna shafa jan fenti, suka ce za a faɗaɗa hanya. A gidanmu alamar ta ci shaguna biyu na gaba da zaure da rabin ɗakin mahaifiyarmu. Ba su ba mu ko takarda ɗaya ba, da baki kawai suka ce mu jira za a dawo ƙidaya. Marigayi mahaifinmu ya sayi filin a 1974 a hannun wani gidan Yarbawa, muna da rasit da takardar yarjejeniya mai sa hannun shaidu, amma bai yi C of O ba, wato takardar shaidar izinin zama a fili da gwamnati ke bayarwa, har Allah ya karɓi ransa. Wasu na ce mana tunda babu C of O ko sisi ba za mu gani ba. Haka ne? Kuma muna da ikon cewa ba mu yarda ba?

Ɗan Mile 12: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ni dai shawarata ka fara neman inda za ka kai tsohuwa. A garin nan in jan fenti ya hau bango, katafila ce ke biye da shi. Talaka ba ya shari'a da gwamnati ya ci.

Alhaji Dattijo, Idi-Araba: Ɗana, ba a fara wa mai neman shawara da yanke ƙauna. Bari masu ilimin abin su yi magana. Barista, kina kusa?

Barista Maman Walida: Ina nan Baba, barka da yamma. Baban Nana, Allah ya kawo sauƙi. Kafin in ce komai, wace shekara aka gina gidan? Ba shekarar sayen fili ba, shekarar da gini ya tsaya aka shiga.

Baban Nana, Agege: Na tambayi Hajiya yanzu. Ta ce sun tare a shekarar da aka kashe Janar Murtala, 1976 ke nan.

Barista Maman Walida: To alhamdulillah, wannan ya taimake ku ƙwarai. Dokar Amfani da Ƙasa ta fito ne a watan Maris na 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo. Ita ce ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta mayar da abin da ke hannun kowa izinin zama da amfani. Amma sashe na 34 ya ce wanda ya riga ya gina filinsa a cikin gari kafin dokar ta fito, a ɗauke shi tamkar gwamna ya ba shi wannan izini. Ke nan haƙƙinku bai rataya a kan C of O ba. Ita C of O shaida ce, ba ita ce asalin mallaka ba. Tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, kuma takardun saye da daɗewar zama a wuri duk suna ciki. Wanda ya ce muku ba ku da komai bai san dokar ba.

Tambayarka ta biyu amsarta ba ta da daɗi. In har aikin na amfanin jama'a ne da gaske, kamar hanya ko layin dogo ko asibiti, kuma an bi ƙa'ida, ba ku da ikon hanawa. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin. Abin da kuke da shi uku ne, kuma ku riƙe su da kyau. A ba ku sanarwa a rubuce. Dalilin ƙwacewar ya zama na jama'a. A biya ku diyya ba tare da jan lokaci ba, kamar yadda sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, tare da damar zuwa kotu in ba ku gamsu ba.

Jan fenti ba sanarwa ba ne. Doka ta ce jami'in da gwamna ya wakilta ya sa hannu a takarda, a kai wa mai gida hannu da hannu, ko a bar ta a gidansa, ko a aika ta gidan waya da rajista, in kuma ba a san sunansa ba a manna ta a jikin ginin inda kowa zai gani. Kotuna sun sha cewa bugawa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ko a wata jarida kaɗai ba ta wadatar. Har zuwa ranar da wannan takarda za ta iso ku, gidan nan naku ne a idon doka.

Ɗan Mile 12: Barista, Allah ya ƙara sani, amma direban katafila ba ya karanta sashe na 44.

Barista Maman Walida: Ba ya karantawa, ƙanena, amma alƙali yana karantawa, kuma masu aiko shi sun san bambancin layin da ya rubuta takarda ta hannun lauya da layin da ya yi shiru.

Safiyo, Ikeja: Bari in shigo ta ɓangaren aikina, don kimanta darajar gidaje da filaye shi ne sana'ata. Mutanenmu suna jin tsoron ranar rusau, alhali ranar da ake cin su ita ce ranar ƙidaya. Ran nan ma'aikata za su zo da fom da kyamara, su auna, su rubuta. Abin da bai shiga fom ba babu shi. Na ga inda mai gida yana kasuwa, aka samu yaro ɗan shekara goma sha biyar ya sa hannu, ba a rubuta rijiyar burtsatse ba, ba a rubuta katanga da ƙofar ƙarfe ba, ba a rubuta ramin masai ba, gidan bene aka rubuta shi kamar marar bene. Gyara wannan daga baya wahala ce babba.

Ga yadda lissafin diyya yake a sashe na 29 na dokar 1978. Gini ana kimanta abin da zai ci a sake gina irinsa, sannan a cire tsufa. Gidan 1976 kun san tsufan da za a cire ba kaɗan ba ne. In an yi jinkirin biya akwai ƙarin kuɗin ruwa na banki a kai. Amfanin gona da itatuwa suna da nasu farashin da hukuma ta yanke. Fili kuwa, shi kansa filin, abin da doka ta ce a mayar maka shi ne kuɗin hayar ƙasa da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke izinin, in ka biya. Shi ke nan.

Akwai wani abu da ya shafi Legas musamman. Wurare da yawa a garin nan fadama ce aka cike. Dokar ta yarda a biya kuɗin ciko, amma sai ka kawo shaida a rubuce. Wa ke ajiye rasit ɗin tifa a cikinmu? Mutum zai zuba yashi tifa ɗari a fili, kuɗin ya fi na ginin, amma ba shi da takarda ko ɗaya. Duk mai gini yanzu a Ikorodu ko Badagiri ko Ajah, don Allah ya riƙa karɓar rasit yana adanawa.

Baban Nana, Agege: Yallaɓai, ban gane ba. Kana nufin filin da ke bakin titi a Agege ba za a biya kuɗinsa ba? Ai ginin namu tsoho ne, darajar wurin duk a filin take. Shagunan nan biyu su ke ciyar da Hajiya da ƙannena mata.

Safiyo, Ikeja: Abin da nake nufi ke nan, ɗan'uwa, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai a aikin nan. Ka duba. In ka sayi fili ka je Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, neman amincewar gwamna, a kan darajar filin a kasuwa ake yanka maka kuɗin da za ka biya. Harajin gida da ake aiko mana duk shekara, a cikin lissafinsa akwai faɗin fili da darajar fili a unguwar. In gwamnati ta yanka filaye tana rabawa, kuɗi masu nauyi take karɓa. Duk inda za a karɓa daga hannunka, fili yana da daraja. Sai ranar da za a biya ka a ce ai ƙasa ta gwamna ce, ba ta da farashi. Ni ban ga yadda za a kira wannan adalci ba.

Injiniya, Obalende: Ina tausaya wa Baban Nana, Allah ya sani. Amma bari in faɗi abin da ba a son ji. Ku tuna yadda mahaɗar Pen Cinema ta Agege take kafin gadar sama. Mutum zai shafe awa biyu tsakanin titin Oba Ogunji da layin dogo. An rushe gine-gine kafin a yi ta, aka buɗe ta a 2021, yau kowa na bi yana jin daɗi, har da waɗanda suka yi zagi. Jan layin jirgin ƙasa daga Agbado zuwa Oyingbo da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, shi ma sai da aka taɓa gidaje da shaguna. In aka ce sai an biya kowane fili a farashin da dillalai ke faɗa, kuɗin diyya kaɗai zai cinye kuɗin aikin. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da an ji hanya za ta bi wani wuri, masu kuɗi ke rugawa su saye filayen, wasu su kafa ginin dare ɗaya don su shiga ƙidaya. Dokar 1978 an yi ta ne don a karya irin wannan, don kafin ta gwamnati ba ta iya samun filin makaranta sai ta yi shekaru tana shari'a da gidajen masu ƙasa.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya, hanyar nan mutum miliyan nawa za su bi ta? To don me gida ashirin za su ɗauki nauyinta su kaɗai? In amfanin na kowa ne, kuɗin ma ya fito daga aljihun kowa, wato baitulmali. Ana biyan ɗan kwangila kuɗin siminti da rodi a farashin yau, ba a ce masa ya yi haƙuri don amfanin jama'a. Sai tsohuwa mai shago biyu ce za ta yi haƙuri?

Injiniya, Obalende: Hajiya, ban ce kada a biya ba. Na ce akwai dalilin da ya sa aka tsara dokar haka.

Safiyo, Ikeja: Maganar masu ginin dare ɗaya tana da magani, Injiniya, kai ma ka sani. A sa ranar yanke ƙidaya, a ɗauki hoto daga sama, duk abin da aka gina bayan ranar babu diyya. Ba a hukunta wanda ya yi shekara hamsin a wuri saboda laifin wanda ya zo jiya.

Malam na Zango: Assalamu alaikum. Na bi maganganunku, ina so in ƙara abin da shari'a ta ce, don mu san ba sabon abu ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib yana jikin masallacin. Umar ya nemi ya sayar, ya ƙi. Halifa guda bai aika a rushe ba, suka kai maganar gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya ba Abbas gaskiya, sannan Abbas da kansa ya ba da gidan sadaka ga Musulmi. A Makka kuma da aka buƙaci faɗaɗa Harami, an sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Daga nan malamai suka fahimci hukuma tana iya karɓar wuri in larura ta jama'a ta kama, amma da ƙima.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta yi matsaya a kan wannan. Ta ce sai hukuma ce za ta karɓa, sai don maslahar jama'a, sai da diyya nan take wadda masana suka kimanta kuma ba ta gaza farashin irin wurin ba, kuma kada a karɓa don a juya shi zuwa kasuwanci. In aka fasa aikin, mai wurin ko magadansa su suka fi cancanta a mayar musu. Hadisi kuma ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai. Wannan gargaɗi bai ware mai mulki ba, bai kuma ware ɗan'uwanmu da ke matsar da katanga cikin filin maƙwabci ba.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya saka da alheri, Allah gafarta Malam.

Alhaji Dattijo, Idi-Araba: Ni abin da nake so matasa su sani, musamman ɗana na Mile 12 da ya ce ba a cin gwamnati a shari'a, shi ne a garin nan na Ikko, wato Legas, aka fara karya wannan magana. Turawan mulkin mallaka sun karɓi filayen Apapa suka ce basaraken wurin, Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ba mai ƙasa ba ne, mai kula ne kawai. Ya bi shari'ar har Landan, Herbert Macaulay ya raka shi, a 1921 kotun can ta ba shi gaskiya aka biya diyya. Bature ne ke mulki a lokacin.

Amma ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don idona ya gani. A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka ba mutanen unguwar Maroko kwana bakwai, da damina, aka rushe gari guda mai mutum kimanin dubu ɗari uku. An ce wurin yana ƙasa da teku, bai dace da zaman mutane ba. Kaɗan aka kai Ilasan da Ikota, sauran suka watse. Ku je ku ga wurin yau, yana cikin mafi tsadar ƙasa a Najeriya. Teku ba ta matsa ba, masu zama ne aka sauya. Wannan shi ne abin da ke sa mutane ba sa yarda in an ce musu amfanin jama'a.

Barista Maman Walida: Baba ya taɓo inda doka ta fi ba talaka ƙarfi. Gwamna ba shi da ikon ƙwace filin wani don ya ba wani ɗan kasuwa ya yi harkarsa. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, Kotun Ƙoli ta ce sokewar da ba don amfanin jama'a aka yi ba, ko wadda ba a sanar da mai wurin ba, ɓatacciya ce. Shi ya sa nake ce wa mutane su karanta dalilin da aka rubuta a sanarwa, su adana ta. In an ce hanya, bayan shekara uku ka ga rukunin shaguna na haya a wurin, kana da magana a kotu.

Ko waɗanda ba su da takarda kotu ba ta yar da su ba. Bayan an kori mutanen Otodo-Gbame, wata unguwar bakin ruwa a Lekki, a 2016 da 2017, babbar kotun jihar Legas ta yanke a watan Yunin 2017 cewa korar mutane ba tare da isasshiyar sanarwa da tanadin matsuguni ba ta saɓa wa tsarin mulki.

Ɗan Mile 12: To sun koma gidajensu?

Barista Maman Walida: Ba su koma ba. Shi ya sa ba na ce wa kowa kotu aljanna ce. Hukuncin da ya zo bayan rusau ba ya tayar da bango. Amfanin kotu ya fi yawa kafin a taɓa ginin, ko a kan adadin kuɗi. Dokar 1978 ta ce rigimar adadin diyya a kai ta gaban kwamitin rabon ƙasa na jiha, har ta yi ƙoƙarin hana kotu sa baki, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce wannan hani ya ci karo da tsarin mulki, a shari'ar Kanada da gwamnan Kaduna a 1986. Ƙofar a buɗe take, sai dai tafiyar tana da tsawo da cin kuɗi.

Hajiya Mai Atamfa: Barista, mu 'yan haya fa? Ni an taɓa rushe layin da nake da shago, na biya hayar shekara biyu, ban ci wata biyar ba. Na sa tayil, na sa silin, na yi kanta ta gilashi. Mai gida ya karɓi diyyarsa ya kashe waya. Kwastomomin da na tara shekara da shekaru suka watse. Wannan asarar wa ke biyanta?

Barista Maman Walida: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Asarar ciniki da watsewar kwastomomi ba sa cikin abubuwan da sashe na 29 ya lissafa, wannan giɓi ne a dokar. Ragowar kuɗin haya kuwa tsakaninki da mai gida ne, kina iya binsa, in kina da rasit. Gyaran da kika yi da kuɗinki, da an rubuta shi da sunanki ranar ƙidaya da kin samu abin kamawa. Wasu manyan ayyukan da ake yi da bashin Bankin Duniya suna biyan 'yan haya da masu tebur kuɗin tashi, don ƙa'idar bankin ta tilasta haka, ba don dokarmu ba. Baban Nana, masu hayar shagunanku su tsaya ran ƙidaya su ma, kuma ku yi musu adalci a ragowar hayarsu.

Baban Nana, Agege: In sha Allahu. Ɗaya daga cikinsu ya fi shekara ashirin tare da mu, ya zama ɗan gida.

Baban Khalid, Ajah: Tambaya gare ni. Na sayi fuloti biyu a wajen Ibeju-Lekki a hannun omo onile, wato 'ya'yan gidan masu ƙasa, da rasit na gidan da sa hannun baale, dagacin Yarbawa. Tun da aka fara titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba a 2024 hankalina bai kwanta ba. Na ga yadda aka rushe wani ɓangare na Landmark, wurin shaƙatawa na bakin teku da ke da manyan lauyoyi. Na ji ministan ayyuka David Umahi ya fara biyan diyya da naira biliyan 2.75 a farkon watan Mayu na shekarar. Ni da ban gina komai ba, ina matsayina?

Safiyo, Ikeja: Alhaji, maganarka ta bambanta da ta Baban Nana, kuma ta fi haɗari. Yawancin ƙasar da ke wannan shiyya gwamnati ta riga ta karɓe ta a takarda shekaru da dama da suka wuce. Daga baya take yanke wa ƙauyuka wani yanki ta mayar musu, a buga a gazet. Abin da ke cikin yankin da aka saki shi ne halal ɗin saye. Wanda ke waje kashi biyu ne. Akwai wanda an karɓa amma ba a ware shi don wani aiki ba, wannan ana iya neman a daidaita maka takarda ka biya. Akwai wanda an riga an ware shi don hanya ko wani aiki, wannan ko bene ka gina a kai sunanka mai kutse. Omo onile zai ce maka takardar sakin tana kan hanya. Takardar da ke kan hanya ba takarda ba ce.

Ka ɗauki safiyo, wato mai awon ƙasa, mai rajista ya ɗauko lambobin kusurwoyin filin, a kai ofishin babban safiyon jiha a Alausa a duba taswira.  Sannan ko filin ya fita tsaf, tunda babu gini babu shuka, in aka karɓa abin da doka ta tanadar maka kaɗan ne ƙwarai, kamar yadda na faɗa a sama.

Alhaji Dattijo, Idi-Araba: Wannan ita ce cutarmu mu 'yan Arewa a nan. Muna saye da amana, a gaban mutum biyu, a yi addu'a a watse. A gida mai unguwa da dagaci sun san gonar kowa, shaidarsu ta isa. A nan wanda ya sayar maka zai mutu, jikansa ya zo ya ce bai san zancen ba. Sashe na 43 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar gida a ko'ina a Najeriya, ba alfarma ake mana ba. Amma wanda bai riƙe takarda ba shi ya mayar da kansa baƙo. Ku tuna wa'adin kwana 14 da aka ba 'yan kasuwar Alaba Rago a 2022, mutanen da suka yi shekaru masu yawa a wurin. Ran nan kowa ya gane bambancin daɗewa a wuri da riƙe hujja.

Injiniya, Obalende: A nan na yarda da Baba ɗari bisa ɗari. Kuma a ƙara da masu gini ƙarƙashin babbar wayar wuta da bakin kwata da jikin layin dogo. Waɗannan ba ƙwace ba ne in an tashe su.

Ɗan Mile 12: Wanda ya gina a bakin kwata, wa ya karɓi kuɗinsa ya kau da kai lokacin da yake ginin? Shekara goma ana karɓar haraji a hannunsa.

Injiniya, Obalende: Wannan laifi ne, a hukunta jami'in. Amma ruwa in ya tashi ba ya tambayar wa ya karɓi kuɗi, unguwa duka yake ci.

Barista Maman Walida: Mu dawo kan Baban Nana, don shi lokaci ke ƙure wa. Gobe ka ɗauki hoto da bidiyon gidan ciki da waje, da alamar fentin. Ka yi kwafin rasit da yarjejeniyar 1974, asalin kuma ka kai inda wuta ko ruwa ba za su same shi ba, kada ka miƙa wa kowa asali. Ka tattaro tsofaffin takardun harajin gida da na wuta masu sunan mahaifinku, su ne shaidar daɗewa. Ku haɗu duk gidajen da fentin ya shafa, Hausawa da Yarbawa da Ibo, ku ɗauki lauya ɗaya da mai kimantawa ɗaya mai rajista, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lauyan ya rubuta yana neman sanarwa a rubuce, da faɗin hanyar, da ranar ƙidaya. Ku sanar da Sarkin Hausawa da baale, amma kada ku bar wa kowa wuƙa da nama. Dokar ta yarda in wurin na al'umma ne a biya ta hannun shugabanta, kuma nan ne rigima ke yawan tashi. Naku gidan na gado ne, ba na al'umma ba, da sunanku za a rubuta.

In aka yi muku tayin wani wuri a madadin kuɗi, ku je ku gani da idonku kafin ku amsa. Sashe na 33 na dokar 1978 ya ce wanda ya karɓi matsuguni ya sauke haƙƙinsa na diyya, in kuma sabon wurin ya fi tsohon daraja, rarar bashi ce a kansa.

Safiyo, Ikeja: Ƙari ɗaya. Tunda rabin ɗaki alamar ta ci, mai kimantawarku ya rubuta cewa ragowar ɗakin ba zai zaunu ba, a lissafa shi duka, da kuɗin sake katanga da ƙofa da mayar da mita da famfo. In ba ku nema ba, rabin za a auna.

Baban Nana, Agege: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abu ɗaya da ke damuna. Ba mu raba gado ba. Mu tara ne, uwa biyu, wasu suna Kano, ɗaya tana aure a Zariya. Da sunan wa za a yi fom ɗin?

Barista Maman Walida: Kada ka sa sunanka kai kaɗai ko da kowa ya ce ya yarda da baki. A rubuta magadan marigayi, ku kuma fara neman takardar izinin kula da gado a sashen gado na babbar kotu a Ikeja tun yanzu, don tana ɗaukar lokaci, kuma ana iya riƙe kuɗin in babu ita. Ku zaɓi mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki, sauran su sa hannu a rubuce.

Malam na Zango: Kuɗin diyyar hukuncinsa hukuncin gidan ne, gado ne. Matan marigayi suna da tumuni su raba a tsakaninsu, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Wanda ya gyara shago da kuɗinsa bayan rasuwar Baba ya faɗa tun yanzu a gaban kowa a rubuta. Ka kira na Kano da ta Zariya a daren nan, kada su ji a bakin wani. In kun sa ranar zama ku sanar da ni, zan zo bayan la'asar.